Abin da Sila Ta Rufe

Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, ku yi mini afuwa, raina a ɓace yake. Masu turo mini saƙo kuna cewa "Naja'atu kin cika zafin kai, wane namiji ne zai iya da ke," ku gyara zama ku karanta wannan har ƙarshe. In kun gama sai ku dawo ku faɗa mini wanda ya kamata ya ji kunya tsakanin ni da Aminullahi.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: malamar firamare ce ni a Gagarawa, kullum motar haya nake bi daga Gumel in je in dawo. Shekarata ashirin da huɗu. Mahaifina, Malam Sha'aibu, Bafulatanin Sule Tankarkar ne da ya ajiye sandar kiwo ya shigo gari ya koyi fentin mota, kuma a garejinsa na girma, ina miƙa masa tsumma tun ban kai tsawon taya ba. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, daga ni sai Innata a gida. Shi kuwa Aminullahi shi ne mai nemana, wata takwas ke nan. Harkar riɗi da zoɓo yake yi a Maigatari, yana da fara'a, yana da turare, kuma Inna ba ta son ko ƙuda ya sauka a kansa.

Matsalar ta fara ne daga mota. Baƙa ce wuluk, bai daɗe da sayenta ba, kuma wallahi yadda yake lallashinta ko ni bai taɓa lallashina haka ba. Ranar Alhamis ta makon jiya ya kai ta Kano aka shafa mata wani man kariya da masu fenti ke ce wa sila, wanda ke rufe fentin mota ya hana rana da ƙura cin sa. Ina tsakiyar aji ya turo mini bidiyo, ga motar tana ɗaukar ido.

"Gimbiya kin gani? Yanzu ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

Na mayar masa: "Allah ya sanya alheri, ya tsare ta daga sharrin ƙuda."

Ranar Asabar muka shirya zuwa gaida Bappa. Bappa wan mahaifina ne, shi ke riƙe da garkenmu a rugar da ke bayan Sule Tankarkar, kuma shi ne waliyyina. Saura mako biyu manyan Aminullahi su je tambaya, shi ne Inna ta ce ya kamata ya fara kai kansa a gan shi. Na sa shuɗiyar atamfata mai zanen ganye da mayafi ruwan toka. Shi ya zo cikin farar shadda mai aiki a wuya, ya kafa hula, ƙamshinsa ya riga shi shiga zaure. Inna ta shiga baya da ƙullin goro da sukari, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, wai kunyar suruki.

Tun da muka bar kwalta ya fara tsaki. Duk yashin da ya taɓa ƙasan motar sai ya ce "kai!" kamar shi aka taka. Da muka isa ya nufi ƙarƙashin gawo, dab da komin da shanu ke shan ruwa.

"Kada ka ajiye a nan," na ce masa. "Hanyar shanu ce."

"Inuwa nake nema wa fenti," ya ce, ya kashe mota.

Bappa ya tarbe mu da kansa, sanda a kafaɗa, malafa a ka. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo fura da nono a ƙwarya mai zane, irin wadda ba a saukowa da ita sai don babban baƙo. Har zabo aka yanka. Tsohon nan ba mai yawan magana ba ne, amma ranar na ga haƙoransa sau uku, na ƙirga.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Fure, don in ba ku san ta ba ba za ku gane fushina ba. A wurinmu ranar suna uba yana ba jariri karsana. Tawa ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, sai wata shekara ciwo ya shiga garke ya share su. Guda ɗaya ta tsira, jikar waccan karsanar, fara mai sirkin toka da dogayen ƙaho. Ita ce Fure. Ba ni da filin Baba, ba ni da garejinsa, ita kaɗai ce abin da ya ba ni da hannunsa da har yanzu yake numfashi. Ta san muryata, duk zuwan da zan yi sai na kai mata kanwa. Ga shi kuma tana da ciki.

Bayan la'asar shanu suka dawo. Fure ta sha ruwa, ta ɗago ta ga wata saniya a jikin baƙar mota tana kallonta, sai ta matsa ta shinshina. Har dariya muka yi. Daga nan ta kewaya ta ɗaya gefen ta wuce abinta.

Da muka tashi tafiya, Aminullahi ya zagaya motar kamar yadda ya saba. Sai muka ji salati.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ku zo ku gani!"

Na ɗauka maciji ne. Ashe wani gogaggen tabo ne a ƙofar baya ta dama, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, ya yi fari-fari a cikin ƙura.

"Shi ya sa fa ban so shigowa daji da motar nan ba," ya ce, murya a sama. "Shekaranjiya aka gama mata aiki! Shekaranjiya! Dabba dai dabba ce, amma ai tana da masu ita."

Jama'a, a gaban Bappa ya faɗi haka. A gaban matan ruga da suka fito rakiya, da furarsu a cikinsa ko narkewa ba ta yi ba. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Bappa ya sauke sandarsa daga kafaɗa a hankali. Ya sunkuya ya dubi tabon, ya daɗe yana dubawa.

"Wacce ce a cikinsu?"

"Waccan farar mai ƙaho."

"To," in ji Bappa. "Baƙo ya zo gidana da alheri, ba zai koma da ɓarna hannu wofi ba. Wadda ta yi ɓarnar ta bi shi."

Ku da ba ku san mu ba, ku saurara. In dattijon Bafulatani ya faɗi irin wannan magana, kunya ce ta yi masa yawa yake neman inda zai sauke ta. Abin da ake yi shi ne ka zabura ka ce, "Subhanallahi Bappa, wallahi ba za a yi haka ba." Ya sake faɗa, ka sake rantsewa. A na uku sai ya sa maka albarka, ka tafi da mutuncinka, shi ma ya zauna da nasa. Yaron da aka yaye jiya ya san wannan. Na zuba wa Aminullahi ido ina jiran ya zabura.

Ya gyara hularsa ya ce, "To Bappa, tunda ka matsa, na gode. Allah ya ƙara arziki."

Tunda ka matsa! Sau ɗaya tak tsohon ya faɗa. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta mintsine ni a cinyar hannu har sai da wurin ya tashi. Bappa bai dube ni ba. Ya san saniyar wa ya bayar, na kuma san ya sani, amma magana ta riga ta fita a gaban mutane. A hanyarmu ta komawa Gumel, gogan har rediyo ya kunna.

Muna shiga gida na jefar da mayafi a kan igiya.

"Inna, kina gani ya karɓa!"

"Ke, rage murya, maƙwabta na ji." Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari, daga "ke" sai "'yar nan".

"Su ji! Saniyar sunana ce fa. Baba ne ya ba ni."

"To ina za ta je? Nan da wata biyu ke da shi ai ɗaya ne. Ta bar garken bappanki ta koma gidan mijinki, ina asarar a nan?"

"Da zagin da ya yi wa Bappa fa?"

"Ɓacin rai ne. Namiji da motarsa sai haƙuri. Ke kin san shekararki nawa? Sa'o'inki na goyon na biyu, ke kina nan kina rigima a kan saniya. In wannan ma kika kore shi da bakin nan naki, sai ki auri allon makarantarku."

Na shige ɗaki na rufo ƙofa. Ban ci tuwo ba, kuma don ta ji haushi ko miyar ban buɗe ba.

Ranar Lahadi bai kira ba, ni ma ban kira ba. Litinin ina cikin motar Gagarawa, an matse ni tsakanin buhun gero da wata mata mai kaji, saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya har yanzu fushi ake?"

"Ina za ka kai Fure?"

"Wace ce kuma Fure?"

Wata takwas ina ba shi labarinta. Na ciji leɓe na rubuta: "Saniyar."

"Oh. Alhamis ai kasuwar Maigatari ce. Ko a falo kike so in ɗaure ta?" Ya haɗa da fuskar nan mai dariya har da hawaye.

Na sake karanta saƙon. Wato ba gidan mijin da Inna ke faɗa za ta je ba. Kasuwa za ta, a loda ta a babbar mota da cikinta, a yi kudu da ita inda wuƙa ke jira. Na goge abin da na fara rubutawa sau uku, don in na tura shi ko Inna ba za ta iya gyara auren ba. A ƙarshe na rubuta:

"Ka kawo motar ƙofar gidanmu ranar Laraba bayan la'asar. In na cire tabon har ba a ganin alamarsa, ka bar ta a garke."

"Ke? Da hannun alli?"

"Da shi."

"To mu gani. In kin cire, kin ci."

Na ɗauki hoton saƙon na adana.

Talata da na sauka daga mota ban nufi gida ba, garejin Baba na wuce. Yanzu Baba Edward ke riƙe da shi, abokin aikin mahaifina, mutumin Filato ne amma ya fi shekara talatin a Gumel, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Na same shi yana haɗa kala a gwangwani, tabarau a kan hanci.

"A'a, 'yar Sha'aibu! Yau wace rana? Ko katin biki aka kawo mini?"

Na gaishe shi na zauna a kan tsohuwar taya na zayyane masa komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya girgiza kai ya ce, "Allah ya kyauta," ya shiga ciki ya fito da ƙaramin akwatin ƙarfe na mahaifina, wanda har yanzu sunansa ke rubuce a jiki da jan fenti. Ya zuba mini tsumma mai laushi guda uku, da gwangwanin man goge tabo, da 'yar kwalbar sila.

"Kin tuna yadda ake yi?"

"Na tuna, Baba. A wanke, a goge a hankali, a zagaye."

"Wannan na motar da ba ta da sila ne. Mai sila sai kin fara sanin iyakar inda aka ji mata ciwo. Duk abin da ya gogi mota, sila yake fara ci kafin ya kai ga fenti. Ki wanke wurin, ki zuba ruwa. Inda sila take da rai ruwa ba ya kwanciya, dunƙulewa yake yi ƙwaya-ƙwaya ya gangara. Inda aka kankare ta sai ki ga ya shimfiɗe ya manne. Nan ne iyakar aikinki, kada ki wuce shi ki ɓata wa mutum sauran ƙofa. Ubanki yakan ce mai mota na iya ƙarya, ruwa ba ya yi."

Na rungumi akwatin na fito. Ƙamshin fentin da ke jikinsa ya sa sai da na tsaya a bayan garejin na share ido kafin in tare adaidaita.

Laraba bayan la'asar ya iso. Yadi ruwan ƙasa ya sa, da baƙin tabarau, yana taunar cingam. Ni kuwa tsohuwar doguwar rigata ta wanki na zura, na ɗaure ɗankwali tamau, na naɗe hannun riga. Ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya.

"Injiniya! Allah ya ja zamanin Injiniya."

"Ba ni makulli in matsar da ita inuwa. Ba a yin aikin nan a rana."

Ya miƙo yana murmushi. Na gyara ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, na fito na ajiye makullin a kan dakalin zaure. Inna ta turo masa zoɓo mai sanyi a jug ɗin da ba ta bari ko ni in taɓa. Ya zauna a benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ina jin motsin Inna a bayan ƙyauren zaure, ta laɓe tana leƙe.

Na wanke ƙofar da ruwan sabulu, na ɗauraye, na tsane da tsumma. Da ƙurar ta tafi sai na ga tabon ba fari ba ne sosai, akwai wani sirki a cikinsa. Na sa farce na bi ta kansa don in ji zurfinsa. Farcena ya wuce sumul, ko kaushi babu, kamar tabon a bayan gilashi yake. Na sake bi, haka.

Na ɗauko buta na tsiyaya ruwa daga sama.

Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara. A gefen tabon haka, a ƙasansa haka, a tsakiyar tabon ma haka. Babu inda ya kwanta, ko da faɗin ƙwayar gero.

Na sake zubawa. Na zuba na uku. Silar nan ko ƙwarzane babu a jikinta. Tabon a ƙarƙashinta yake kwance, an shafe shi da ita an rufe. Kuma sila ranar Alhamis aka shafa ta a Kano, ga bidiyo a wayata da kwanan wata. Mu kuwa Asabar muka je ruga.

In na yi magana a lokacin, ashar ne zai fito, ni kuma malamar makaranta ce. Na lakato man gogewa a tsumma na fara zagayawa a hankali, don dole in cire silar da ke wurin kafin in kai ga tabon. Da farko tsumman bai ɗauko komai ba sai ɗan duhu. Na ci gaba, kafaɗata na zafi, gumi na bin bayana. Can na ji santsin ya ƙare, hannuna ya fara jin fenti. Na ƙara mai, na zagaya sau goma, na ɗaga tsumman na duba.

Rawaya ne shar a jikinsa.

Na canza tsumma na ci gaba. Tabon ya dinga raguwa, daga tafin hannu ya koma yatsa, daga yatsa ya koma zare, ya ɓace. Ashe ko fentin motar bai ji ciwo ba, kalar wani abu ce ta manne a kai. Na goge da busasshen tsumma, baƙin ya dawo har ina ganin ɗankwalina a ciki.

Ya taso ya cire tabarau ya sunkuya. "Kai! Gimbiya, ashe da gaske kike! Wallahi kamar ba a taɓa..."

Na ɗaga masa tsumman dab da hancinsa.

"Malam Aminu, tun yaushe ƙahon saniya ya koma rawaya?"

Ya daina tauna.

"Ban gane ba."

"Za ka gane. Wannan fentin adaidaita ne. Kuma a ƙarƙashin sila na same shi. Ko dai Fure ce ta hau mota ta bi ka Kano ranar Alhamis, ta shafa wa ƙahonta fenti, ta soki ƙofar, sannan ta tsaya aka shafa sila a kai?"

"Ke wa ya gaya miki a ƙarƙashi yake? Waɗannan abubuwan ai sai masana."

Na ɗauki butar na watsa ruwa a inda na goge. Ya shimfiɗe ya manne, tunda yanzu babu sila a wurin. Na watsa a gefe, ya dunƙule ya gangara.

"Ɗazu duk haka yake yi, har kan tabon. Kana zaune kana kallo. In ba ka yarda ba mu je wurin Baba Edward, ko mu kira masu silar taka a Kano mu tambaye su yadda ka kai musu ita."

Ya waiga ya dubi titi, ya dubi zaure, ya rage murya.

"To na ji. Wani mai adaidaita ne ya goge ni ranar Larabar makon jiya a bakin kasuwa. Masu silar suka ce sai an cire kafin a shafa, zai ƙara awa biyu, ni kuma sauri nake. Shi ke nan. Sai me?"

"Sai me? Ka ce sai me?"

"Hanyar nan ta ɓata mini rai, na ga saniyar a jikin motar, magana ta kuɓuce mini. Da Bappa ya ce in ɗauka, me kike so in ce? In ce ƙarya na yi, a gaban Inna? Kuma ni ban roƙi kowa saniya ba, Naja. Ba ni aka yi."

Wallahi da ba don tarbiyya ba da butar nan a kansa za ta ƙare. Mutum ya ci zabon tsoho, ya zage shi a gidansa a kan laifin da ya san babu shi, ya karɓe masa saniya, sannan ya tsaya a ƙofar gidanmu yana cewa ba shi aka yi. Na tsane shi a lokacin, tsana irin wadda ban san ina da ita ba.

"Na cire tabo. Ka rubuta da hannunka, in na cire na ci. Ka kira a bar ta a garke."

Ya sosa ƙeya.

"Ai... tun da safe na tura aka ɗauko ta. Tana Maigatari wurin Yelwa dillali. Ban zaci za ki iya ba."

Ban san lokacin da na ciro wayata ba. Na kira Bappa, na buɗe muryar yadda kowa zai ji. Ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, ina jiyo kukan maruƙa a bayansa. Na gaishe shi a gurguje na faɗa masa komai, ruwan, da silar, da rawayan fenti. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Da na gama sai ya tambaya:

"Yana kusa?"

"Yana ji, Bappa."

"Ɓingel," ya ce, haka yake kirana tun ina ƙarama, wato 'yar yarinya. "Abin da bakina ya bayar, hannuna ba ya karɓowa. Saniya ta zama tasa. In da ƙarya ya karɓa, wannan shi da Ubangijinsa."

Hawaye suka zubo mini. Na ga Aminullahi ya sauke ajiyar zuciya, har kafaɗarsa ta sauka.

"Amma," in ji Bappa, "abu biyu Sha'aibu ya bar mini amana, saniya da ke. Ɗaya na bayar cikin kuskure. Ɗayar ban bayar ba tukuna. Malam Aminu, ka gaya wa manyanka kada su wahalar da motocinsu ranar tambaya. Hanyarmu daji ce."

Ya kashe wayar.

Aminullahi ya tsaya baki buɗe. Sai kuma ya harzuƙa, ya mayar da tabarau, ya kakkaɓe rigarsa.

"A kan saniya? A kan saniya guda za a wulaƙanta ni? To shi ke nan, ku riƙe 'yarku. Ina makullina?"

Ya nufi dakali. Babu komai a kai sai jug ɗin zoɓo.

Ƙyauren zaure ya buɗe, Inna ta fito. Inna da wata takwas ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba, yau ga ta a tsaye a gabansa, fuska a buɗe, mayafin a kafaɗa. A bakin zaninta akwai wani sabon ƙulli, irin wanda take yi wa kuɗin cefane, sai dai wannan ya fi girma.

"Inna, makullin..."

"Yana nan," ta ce, ta dafa ƙullin. "Bappanta ba ya karɓar kyautar da ya yi, wannan halinsa ne. Ni kuwa ban ba kowa komai ba. Zoɓo kaɗai na ba ka, shi ma da na sani da ban sa sukari ba."

"Haba Inna, ki saurare ni..."

"Na saurara, tun daga bayan ƙyaure. Saniya ta kwana a Maigatari, mota ta kwana a Gumel. Gobe in Allah ya kai mu kowacce ta koma garkenta. Ga adaidaita can yana zuwa, tare shi. Ka dai kula kada ya goge ka."

Bai motsa ba. Ni ma ban motsa ba, ina riƙe da tsumman rawaya a hannu ɗaya, kwalbar silar da ban mayar wa ƙofarsa ba a ɗayan. Sai wayarsa ta fara ƙara. Ya ciro ta, na leƙa, na ga sunan da ke yawo a kai: Yelwa Dillali. Dillali kuwa ba ya kiran mai saniya ana gobe kasuwa sai in ya sami mai saye.

Ya dubi wayar, ya dubi ƙullin da ke bakin zanin Inna.

"Ɗauka mana," in ji Inna. "Ka buɗe muryar. Muna ji."